Irin Da Bai Tsiro Ba

Aikina ba wani abin a zo a gani ba ne. Shekara shida na yi a ɗakin gwaji na wani kamfanin sayar da iri, ɗan ƙaramin ɗaki mai taga ɗaya da kantocin ƙarfe huɗu. Idan aka kawo min samfurin masara daga sito, sai in ƙirga ƙwaya ɗari, in jera su goma-goma a kan jiƙaƙƙiyar takarda cikin tire, in rufe da wata takardar, in ɗora a kanta. Kullum da safe in yayyafa musu ruwa. Ran kwana bakwai in buɗe in ƙirga waɗanda suka tsiro. In sun kai casa'in, in buga hatimi in sa hannu, wannan kashin ya fita kasuwa. In ba su kai ba, a mayar da shi abincin kaji. Leburorin sito Ungozoma suke ce min, wai ni ke karɓar haihuwar masara.

Yayan mijina ne ya samo min aikin. Shi ne mai kula da sito, shekara goma sha tara makullai suna rataye a ƙugunsa. Dogo ne, mara yawan magana, kullum da biro maƙale a bayan kunne. Shi ya riƙe mijina tun rasuwar mahaifinsu, shi ya kai shi inda ya koyi gyaran firji da fanka. A gidan kowa Yaya yake ce masa, har mahaifiyarsa da ta haife shi. Ni kuma yana ce min Maman 'yan biyu. Da hannunsa yake ɗebo samfur, ya zuba a ambulan, ya rubuta lambar kashi a baya, a kawo min.

A wannan shekarar, duk safiya in na kunna rediyo ina haɗa wa yara shayi, magana ɗaya ce: harkar noma da sarrafa amfanin gona ta bunƙasa fiye da kowane fanni a ƙasar, kamfanoni sun ninka abin da suke samarwa, saura kaɗan mu daina shigo da abinci daga waje. Kamfaninmu ma ya shiga labarai. An ba shi kwangilar raba wa manoma iri, ninki uku na abin da ya saba fitarwa. Aka kafa wani ƙaton allo a bakin ƙofa da hoton zangarniyar masara da ta kai cinyar mutum. Baƙi suka riƙa zuwa cikin fararen motoci, Manaja yana zagayawa da su, yana nuna musu buhunan da aka jera har rufi.

Tagar ɗakina tana kallon babbar ƙofa, kuma ba ni da abin kallo sai ita. Na san manoman da suke noma mana iri sun sha wuya a daminar da ta wuce, ruwa ya ɗauke musu daidai lokacin da masara take fitar da gemu. Motocin da suka shigo da kaya bayan girbi, da idona na gan su, ba su kai na bara ba. Amma waɗanda suke fita sai ka ce ana gudun hijira. Na ce a raina, wataƙila an sayo daga wani wuri ban gani ba. Ba aikina ba ne ƙirga motoci.

Abin da ya fara tsaya min a rai shi ne sakamakon tirena. A shekarun baya wani kashin ya ba ni casa'in da ɗaya, wani tamanin da takwas, wani casa'in da biyar, kowace gona da halinta. Bana kuwa casa'in da bakwai, casa'in da takwas, casa'in da bakwai. Kashi goma sha huɗu a jere babu wanda ya yi tuntuɓe.

Ranar da nake jera kashi na goma sha biyar na lura da wani abu. Cikin ƙwayoyin akwai 'yan ƙalilan masu wani siririn baƙin zane a gefe, wanda jan maganin da ake shafa wa iri bai iya rufewa ba. Na san zanen nan. A kashi na biyu na fara ganinsa, masarar wani manomi ce guda da gonarsa take bakin rafi. Na tashi na ɗauko ragowar ambulan ɗin baya da nake tarawa a kwali, na zazzage kowanne a tafin hannu. Kashi na tara, akwai. Na goma sha ɗaya, akwai. Na goma sha uku, akwai. Gonar mutumin nan kuwa ba ta bayar da fiye da buhu ɗari biyu.

Da rana Yaya ya kawo ambulan da kansa. Na gaishe shi, na ce cikin wasa, "Yaya, bana masarar duk uwarsu ɗaya ubansu ɗaya ne? Kamarsu ta yi yawa."

Ya cire biron daga kunne, ya kalle shi, ya mayar. "In ta yi kyau ai sai a gode wa Allah, Maman 'yan biyu."

"Haka ne. Na ce ko in biyo ka sito gobe, in ɗebi na gaba da kaina? Na daɗe ban miƙe ƙafa ba."

"Ƙura ta yi yawa a ciki. Ba ki ce tana tayar miki da tari ba?"

Ban taɓa cewa haka ba. Ya juya ya fita, makullansa suna ƙara.

Washegari na ɗauki ambulan biyu na nufi sito ta baya, kamar mai neman famfo. Akwai wata tsohuwar rumfar kwano a can da aka daɗe da rufewa. Ran nan na ji injin shafa magani yana ruri a ciki, ƙofa a kulle. Wasu mutum uku da ban taɓa gani ba suna zaune a inuwa suna cin burodi, hannayensu jajur har gwiwar hannu. Da suka gan ni suka yi shiru. Maigadi ya taso da sauri.

"Malama, an ce ba a bi ta nan."

"Wa ya ce?"

"Daga sama."

"Tun yaushe?"

Ya yi dariyar yaƙe. "Ni dai an ce in ce."

Na koma ɗakina. Da yamma na buga wa kashi na goma sha huɗu hatimi, domin abin da tire ya nuna ke nan, kuma ba ni da wata hujja sai baƙin zane.

Ƙarshen makon Baba, mahaifina, ya zo daga ƙauye ganin likitan ido, ya sauka a wurinmu. Yana zaune a falo rediyo yana zuba labarin bunƙasar noma, sai ya karkata kai ya ce, "Wai gonar wa suke aunawa ne? Ni dai ba wanda ya zo tawa da igiya." Muka yi dariya. Can ya jawo jakarsa ya fito da leda biyu na irin kamfaninmu, ya saya a shagon kayan noma kusa da tasha.

"Mai shagon yana ta yi min bayani, na ce ka huta," in ji shi. Ya ɗora yatsa a kan takardar da ke manne a jiki. "Ko da idon nan nawa na gane sa hannun 'yata. Na gaya wa mutanen garinmu ma, duk wanda ya ga wannan alamar ya saya ido rufe."

Na karɓi ledar. Kashi na goma sha ɗaya, casa'in da takwas bisa ɗari, ga sa hannuna an buga shi da inji. Da ya shiga wanka na huda gefen ledar da allura, na faɗaɗa, na zubo cikin hannu. Babu baƙin zane ko ɗaya. Ƙwayoyin wasu manya wasu ƙanana, kuma da na kai su bakin taga na ga wasu da 'yan huji ƙanana irin na ƙwaro, jan magani ya toshe su. Na shinshina. A ƙarƙashin warin maganin akwai warin tsohon ɗaki.

Na ɗauko farantin shayi da tsohon tawul, na jera ɗari, na ɗora a saman kabad ɗin kicin inda hannun yara ba ya kaiwa. Na roƙi Baba kada ya shuka sai na kira shi. Ya tambaye ni dalili, na ce wani sabon tsari ne.

Mijina ya gano farantin ran kwana uku, yana neman batir.

"Aiki kika fara kawowa gida?"

"Wasa nake wa yara, su ga yadda shuka take fitowa."

"Wasan yara a saman kabad?"

Ya daɗe yana kallona, sannan ya mayar da tawul ɗin yadda ya gan shi.

Ran kwana bakwai na sauke farantin. Tun kafin in ƙirga na sani. Rabinsu sun kumbura sun yi laushi, wasu sun yi furfurar ruɓa. Na ƙirga sau uku. Arba'in da ɗaya.

Na kira mijina na nuna masa, na gaya masa komai, har rumfar baya da masu jan hannu. Ya zauna a kan bokitin da ke kife ya riƙe haɓa.

"Mai shagon ne," ya ce. "Kin san halinsu. Su buga leda irin taku, su rina masarar kasuwa su zuba."

"Zai yiwu."

"Ba zai yiwu ba ne, haka ne. Ko so kike ki ce Yaya ne?"

"Ban kira sunan kowa ba."

"Ba sai kin kira ba. Mutum nawa ne ke kawo miki ambulan?"

Maganarsa ta mai shago ba shirme ba ce, don haka na bi ta. Na sayi leda ɗaya a wani shago can bayan kasuwa, ɗaya a wata unguwa daban. Ta ukun na roƙi maƙwabciyata, wata mai ɗinki da ba wanda ya san ta a wurin aikinmu, ta sayo min a shagon kamfanin da ke jikin ƙofarmu. Faranti uku suka hau kabad. Sama kuwa ta fara haɗa gari, kowace yamma iska tana kawo ƙanshin ruwa daga nesa.

A wannan makon abubuwa suka canja a wurin aiki, ko kuma ni ce na fara gani. Ran Talata na tarar da tiren da na bari a kanta ta biyu yana ta uku. Kwalin tsofaffin ambulan ɗina babu shi. Na tambayi mai shara, ta ce ita ba ta da makullin ɗakina, kuma gaskiya ta faɗa. Makulli biyu ne, ɗaya a jakata, ɗaya a ƙugun Yaya. Manaja, wanda a shekara shida bai taɓa tambayar lafiyar gidana ba, ya tsayar da mota a bakin ƙofa ya sauke gilashi.

"Malama, ya 'yan biyu? An ce Baba ya zo ganin likita. Ya jikin nasa?"

"Da sauƙi, ranka ya daɗe."

"Madalla. A riƙa hutawa, kada a riƙa kai aiki gida."

Ya ɗaga gilashi ya wuce. Na tsaya a wurin jakata tana zamewa daga kafaɗa. Da na koma gida na tarar da mijina a ƙofa yana gyaran wani firji.

"Ka gaya wa Yaya."

Bai ɗago ba. "Yayana ne."

"Shi kuma ya gaya wa Manaja."

"Wannan ban sani ba."

"To wa ya gaya masa? Kabad?"

Ya ajiye sukundireba. "Na ce masa ne ya zo ya yi miki bayani, hankalinki ya kwanta. Ina laifi a nan?"

Faranti ukun suka ba ni talatin da takwas, hamsin da biyu, da arba'in da huɗu. Na shagon kamfani shi ne mai talatin da takwas.

Ban jira Yaya ya zo ba, ni na je. Ran Asabar da la'asar na same shi a barandar gidansa yana gyara kujerar roba da waya. Matarsa ta kawo min ruwa, ta dubi fuskata, ta kwashe yaranta suka shige ciki. Na durƙusa na gaishe shi yadda na saba, sannan na ajiye takardar da na rubuta sakamakon a gabansa. Ya karanta ba tare da ya taɓa ta ba.

"Yaya, daga ina ake ɗebo abin da ake kawo min?"

"Daga sito."

"Daga wane buhu?"

Ya ci gaba da murɗa wayar. "Inda aka ce in ɗebo nake ɗebowa."

"Wa ya ce?"

"Maman 'yan biyu, ke aikinki tire. Abin da tire ya nuna kika rubuta. Ko gaban wa aka je, ba ki yi ƙarya ba."

"Sa hannuna ne a jikin ledar. Baba da shi ya saya."

"Na Baba mai sauƙi ne. Ki karɓo ledojin, ran Litinin in ba ki masu kyau."

"Ashe ka san akwai masu kyau da marasa kyau."

Nan ya ɗago ya kalle ni, karo na farko tun zuwana. Idonsa ya yi ja kamar wanda bai samu barci ba.

"Mutum ɗari da arba'in ke cin abinci a wurin nan," ya ce a hankali. "An je an yi alkawarin abin da ba a noma ba. An faɗa a rediyo, an ɗauki hoto. In motocin nan ba su cika ba, a ƙwace kwangila, a rufe ƙofa. Akwai ragowar iri na shekara biyu da uku a rumfar baya. Ba ni na ce a fito da shi ba, ba ni na rina ba."

"Mutanen da za su shuka shi fa? Su ba abinci suke ci ba?"

"Wani zai fito."

"Talatin da takwas, Yaya."

Ya mayar da kansa kan kujerar da yake gyarawa.

"Kai ka kwashe min kwalin ambulan?"

"Ki sha ruwanki," ya ce.

Ban sha ba. A hanya na kira Baba na ce kada ya shuka ko ƙwaya ɗaya, ya koma wa irin da ya ajiye na bara. Duk wanda ya riga ya saya kuma ba shi da wani, ya zuba huɗu-huɗu a rami. Baba ya ce, "To sa hannun fa?" Na ce zan yi masa bayani in na zo.

Ran Litinin akwai kashi uku da ke jiran hatimi. Na kulle hatimin a jakata, na rubuta takarda shafi ɗaya, na hau bene ofishin Manaja. Ya karɓe ni da fara'a, ya sa aka kawo lemo. Yana karantawa fuskarsa tana canjawa, ya dafe ƙirji, ya cire tabarau. Da ban ji maganarsa ta bakin ƙofa ba, da na rantse yau ya fara ji.

"Innalillahi. A kamfanin nan? Malama, kin ceci sunanmu. Wa ya ga takardar nan ban da ke?"

"Babu kowa."

"Akwai kwafi?"

"Babu," na ce, alhali akwai ɗaya a cikin littafin makarantar yara.

Ya buɗe aljihun tebur ya saka ta ya murɗa makulli. Sannan ya ɗauki biro ya jawo farar takarda, ya tambaye ni cikin muryar mai neman sani, "Tuna min, wa ke ɗebo miki samfur?"

Sai a lokacin na ga inda aka nufa.

"Ranka ya daɗe, ka sani."

"Ina so in ji daga bakinki, don a rubuta daidai."

"Mai kula da sito. Amma cewa ya yi umarni ake ba shi."

"Ya ce wa ya ba shi?"

"Bai ce ba."

"To kin gani," in ji Manaja, ya rubuta wani abu.

Ran Laraba aka manna sanarwa a allon bakin sito. An sallami mai kula da sito saboda sakaci, ya bar tsohon iri ya cakuɗe da sabo. Ta taga na ga Yaya ya kwance makullan daga ƙugunsa ya miƙa wa maigadi, ya fita da ƙafa, ba ko jaka a hannunsa. Aka janye kashi uku daga shagunan cikin gari, aka kira 'yan jarida suka ɗauki hoton ana zazzage su. Rediyo ya yaba wa kamfanin a kan sa ido. Motocin kwangila kuwa tuni sun isa inda za su, kuma a makon ruwa ya sauka.

A gida, surukata ta daina amsa gaisuwata. In na durƙusa sai ta juya ta tambayi 'yan biyu ko sun ci abinci. Matar Yaya ta aiko aka karɓi tukunyar da ta ara min tun bara. Mijina bai yi min faɗa ba, amma ya koma cin abincin rana a shago, in ya dawo kuma maganarmu ba ta wuce ta yara. Sau ɗaya ya ce, "Shekara goma sha tara," ya tashi ya fita.

A wurin aiki aka kawo sabon mai sito, ɗan ƙanwar matar Manaja. Aka ce yanzu ni zan riƙa ɗibar samfur da kaina, amma shi zai nuna min layin da zan ɗiba. Rumfar baya aka sa mata sabon kwado.

Wata biyu bayan shuka na je ganin Baba. Gonarsa ta yi kyau. Ya zagaya da ni ta maƙwabta. Wasu sun ji maganarsa sun zuba huɗu-huɗu, sun samu abin da suka samu. Wasu sun ce tsufa ne ya fara taɓa shi. Gonakinsu sun yi giɓi-giɓi kamar bakin tsoho, nan tsiro, nan fili, nan fili. Wata mata da ke cire ciyawa ta miƙe ta gaishe mu, Baba bai ce mata ni 'yarsa ce ba, ni ma ban faɗa ba.

Bayan girbi, wata ranar Lahadi da hantsi, ina wanki a tsakar gida aka yi sallama. Yaya ne. Ya rame, ya samu aikin awo a wani wurin niƙa abincin kaji, gashin girarsa duk gari. Mijina ya fito da sauri zai shimfiɗa masa tabarma, ya ce a'a, wurina ya zo. Ya zaro wata baƙar leda daga aljihu ya ajiye a kan bokiti.

A ciki akwai 'yan guntayen takardu daure da roba. Kowacce da kwanan wata, da rubutun Manaja da na sani sarai: a ɗebi samfurin kashi kaza daga kashi na biyu. A ƙasan kowacce kuma ga sa hannun Yaya, alamar ya gani ya aikata.

"Me ya sa ba ka nuna su ba ranar da aka kore ka?" mijina ya tambaya.

"Ka ga hannun wa ke ƙasa?"

Na goge hannuna a zani na ƙirga su, sannan na sake ƙirgawa. Kashi ashirin da uku aka kawo min a wannan shekarar bayan na biyu. Takardun goma sha bakwai ne.

"Yaya, saura shida."

Ya daɗe yana kallon ruwan kumfa da ke gangarawa zuwa magudana.

"Bayan ta goma sha bakwai ya daina rubutowa," ya ce. "Ni ma na daina jiran ya rubuto."

Mijina ya juya ya shige ɗaki.

"Kwalin ambulan ɗinki ma ni na ɗauka," in ji Yaya. "Amma ban gaya masa zancen farantinki na gida ba. Wannan har yau ban san wa ya kai masa ba." Ya miƙe tsaye sosai. "Ki yi abin da kika ga dama da su. Na gaya wa Mama ni na kawo miki da ƙafata."

Washegari na biya shagon hoto na yi kwafi uku na kowace takarda, na haɗa da sakamakon farantaina, na kai ofishin da ke sa ido a kan ingancin iri. Jami'in da ya karɓa ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya ce in bar masa na ainihin. A bangon bayansa kalandar kamfaninmu ce a rataye. Na ce na ainihin suna wurin lauya, ko da yake ba ni da lauya, suna ƙarƙashin katifar maƙwabciyata mai ɗinki. Na tsaya har sai da ya buga min hatimin shaidar karɓa.

An yi wata huɗu kafin a turo masu bincike. Sun kwana biyu, sun buɗe rumfar baya sun tarar an share ta tas an zuba tsofaffin tayoyi. An kira Yaya ya amsa tambayoyi, ya faɗi nasa laifin bai rage ba. Aka ɗauke Manaja daga wurinmu, wasu suka ce kora ce, wasu suka ce babban ofishi aka mayar da shi, ban samu wanda ya tabbatar min ba. Ni kuma da shekara ta ƙare aka ce an rufe ɗakin gwaji, za a riƙa aika samfur wani wuri.

Yanzu ƙungiyar manoman yankin su Baba nake yi wa aiki, a wani ɗaki da suka ware min a bayan ma'ajiyarsu. Duk wanda ya sayi iri, kafin ya shuka sai ya kawo min cikin hannu, wani a ƙullin hula, wani a kwalbar magani. Ran kwana bakwai ya dawo mu buɗe tare, shi ya ƙirga da bakinsa ina kallo. Makon jiya wani dattijo ya ƙirga nasa ya samu casa'in da huɗu, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce bai yarda ba, a sake jera wasu ɗari a gabansa. Na miƙa masa tire na ce ya jera da kansa.